Bikin Cikar Gari Shekaru: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin a Kafa Rumfuna

Shekarar 2026 ita ce cikar shekara 50 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 a Nijeriya, kuma ita ce cikar shekara 30 ga rukunin ƙarshe da aka ƙirƙira a 1996, wanda ya kai adadinsu 774. Garuruwan da jirgin ƙasa ya raya su ma sun doshi shekara 100 da zuwan dogo: layin ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930. Ga tsofaffin makarantun firamare, ga kasuwanni, ga masallatan Juma'a, kowanne da shekarar da mutanen gari ke son tunawa. Saboda haka maganar "mu ma ya kamata mu yi biki" za ta riƙa tasowa a majalisu da zauruka da rukunonin WhatsApp na 'yan gari mazauna nesa, kuma abu ne mai kyau ta taso.

Sai dai ƙaramin gari ba shi da kasafin gwamnatin jiha, ba shi da ɗan kwangilar da zai miƙa wa komai ya koma gefe. Abin da yake da shi mutanensa ne: malamin makaranta, tela, direba, 'yan agaji, matan da za su kwana a bakin murhu, samarin da za su ɗauki kujeru. Wato bikin gari gayya ce, kuma gayya tana da ƙa'idojin da kowane manomi ya sani. Mai gayya yakan faɗi rana tun da wuri, ya nuna iyakar gonar da za a nome, ya tanadi fura da tuwo, ya yi godiya idan an tashi, ranar da maƙwabci ya kira tasa kuma ya ɗauki fartanya ya je. A ganina, yawancin bukukuwan da ke ƙarewa da ɓacin rai ba ƙarancin kuɗi ne ya ɓata su ba. An karya ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ne.

Daga wace shekara za ku ƙirga?

Wannan tambaya ake yawan tsallakewa, ita ce kuma take dawowa da rigima. Garuruwanmu kaɗan ne ke da takardar da ta ce ran kaza aka sari dajin farko. Abin da ake da shi shi ne labarin kaka da kakanni, da jerin sunayen waɗanda suka riƙe sarauta, da wasu abubuwa da kowa ya yarda sun faru.

Ko manyan birane sai da suka zaɓa. Da aka yi bikin shekara 200 na Daular Usmaniyya a 2004, daga 1804 aka ƙirga, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, alhali birnin Sakkwato kansa sai a 1809 Muhammadu Bello ya gina shi. Kaduna ta yi bikin shekara 100 a 2017 tana ƙirgawa daga 1917, lokacin da hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta koma can, ko da yake akwai mutane a yankin tun kafin zuwan Bature. Mutumin Maraɗi yana iya ƙirgawa daga zaman sarakunan Katsina da suka koma can bayan jihadi, yana kuma iya ƙirgawa daga ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a cikin kwari har aka hau tudu aka zana sabo. Kowanne gaskiya ne, muddin aka faɗi abin da ake ƙirgawa.

To ku ma ku kira abin da sunansa. "Shekara 100 da buɗe firamaren garinmu" magana ce da za ku iya tsayawa a kanta gaban kowa. "Shekara 500 da kafuwa" kuwa, idan babu abin da ya tallafe ta sai son a ce garinku ya girmi na maƙwabta, ɗalibin tarihi ɗaya ya isa ya rushe ta, kuma da ita zai rushe mutuncin bikin.

Akwai wuraren nema. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi lokacin da suke ƙiyasta haraji, kuma a cikinsu akan sami sunayen garuruwa da dagatai da yawan jama'a da sana'o'i. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. A Nijar akwai cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Ku tura mutum biyu, malamin tarihi da matashi mai haƙurin karatu, ku biya musu kuɗin mota da na ɗaukar hoton takardu. Amma ku riƙe cewa Bature ya rubuta abin da mai mulkin ranar ya gaya masa ne ta bakin tafinta. Dole a gwada shi da abin da ke gidan liman, inda wani lokaci akan tarar da shekarar wata yunwa ko rasuwar wani sarki an rubuta ta da ajami a gefen littafi, da kirarin da ke bakin maroƙa da makaɗan fada, da abin da tsofaffin mata suka riƙe na aure da dangantaka. Su ne suka fi kowa sanin wa ya haifi wa.

Inda ruwayoyi suka saɓa, ku kawo su duka, ku ce gidan wane sun ce kaza, gidan wane sun ce kaza. Maganar wanda ya fara zama a gari tana taɓa sarauta, tana taɓa gonaki. Layi ɗaya a mujallar biki yana iya tayar da gabar da aka binne tun zamanin kakanni. Kafin a kai rubutun tarihin gidan ɗab'i, a tara dattawan kowane ɓangare a karanta musu shi da babbar murya, a gyara abin da za a gyara a zaure.

Izini da kwamiti

Hanyar sananniya ce: daga masu unguwanni zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, shi kuma ya sanar da masarauta. A rubuta wa ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda takarda, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. A Nijar maigari ne da sarkin yanki da ofishin magajin gari. Kada mai sarauta ya fara jin labarin biki a bakin yara ko a Facebook. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya masa gwiwa.

Babban kwamiti kada ya yi yawa. Mutum tara ko sha ɗaya da ke zaune a gari sun fi arba'in da sunayensu ke kan takarda, jikinsu na Abuja da Legas. Manyan 'yan gari a ba su matsayin iyayen biki, a riƙa kai musu rahoto, amma shugaban aiki ya zama wanda za a iya buga wa ƙofa bayan sallar Asuba. Sannan a dubi waɗanda aka saba mantawa: mata, ƙauyukan da ke kewaye, Fulanin rugage, waɗanda ba Musulmi ba, da baƙin da suka yi shekara talatin suna kasuwanci a garin har 'ya'yansu ba su san wani gida ba. Wanda ba a kira shi zaman shawara ba, ranar biki ɗan kallo ne, kuma yana da gaskiya idan ya ce bikin wasu ne.

Masu aikin sa kai

A nan nake so ku fi daɗewa, domin a kansu komai ya rataya.

Kafin ku buɗe rajistar sababbin masu aiki, ku dubi tsarin da gari ya riga ya mallaka. Sarkin Fawa ya san yawan naman da zai ishi mutum dubu fiye da kowane kwamiti. Sarkin Kasuwa ya san inda masu talla za su zauna ba su tare hanya ba. Sarkin Tasha da 'yan ƙungiyar direbobi su ne za su tsara ajiye motoci. Magajiya da shugabannin ƙungiyoyin mata su ne suka san wadda ke da manyan tukwane da wadda hannunta ya iya dafa buhu guda na shinkafa bai caɓe ba. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini sun saba tsare sahu a filin Idi da wajen wa'azi, suna da kaki, suna da shugabanni, suna jin umarni. Ga 'yan sintiri, ga 'yan sikawut na makarantu, ga ma'aikatan asibitin gari. A Nijar, tsofaffin da suka yi samariya a zamanin Seyni Kountché har yanzu suna tuna yadda ake tara samarin unguwa a gina aji ko a share gari cikin yini guda. Kwamitin da ya tsallake waɗannan ya ɗauko abokansa ya jawo wa kansa wahala biyu: aikin ba zai yi kyau ba, kuma masu shi na asali za su naɗe hannu.

Kowane mai aiki ya san abu uku: mene ne aikinsa, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma wa zai nema idan abu ya rikice. "Ku zo ku taimaka" ba aiki ba ne. "Kai da mutum huɗu kuna ƙofar gabas daga takwas zuwa sha biyu, Malam wane ne shugabanku, ga lambarsa" shi ne aiki. Shugaba ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum goma. A raba yini gida biyu, domin wanda ya tsaya a rana tun hantsi ba ya da sauran haƙuri da La'asar, kuma a lokacin ne ake zagin baƙo ko a ɗaga wa yaro bulala. A ɗauki mutane fiye da buƙata, saboda ranar biki wani zai tashi da zazzaɓi, wani matarsa za ta haihu, wani baƙi za su cika masa gida.

Sai maganar ciki. Abin kunya ne da ake yawan gani: an jera wa manyan baƙi kaji da lemo a rumfa, yaran da suka kafa rumfar tun daren jiya suna tsaye ba wanda ya tambaye su ko sun karya. Abincin masu aiki da ruwan shansu a rubuta su a sahun farko na kasafi, a damƙa wa mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai wannan, kuma su ci kafin taro ya fara. Matan da ke girki a ba su itace ko gawayi da ruwa da sabulu, kada su ciro daga aljihunsu, kuma a shirya musu canji domin su ma su ga bikin da idonsu. Ɗan acaɓan da ya bar sana'arsa ya yini yana kai saƙo, a zuba masa mai. Ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa kyauta. Kada a bar shi ya koma gida da bashi.

Tun ranar farko a faɗa wa kowa a fili cewa ba za a biya lada ba, a kuma faɗi abin da za a bayar: abinci, riga ko hula ta shaida, kuɗin mai, takardar yabo. Abin da ke kashe zuciya shi ne a ji daga baya cewa wasu sun karɓi ambulan a ɓoye. Idan akwai aikin da dole a biya, kamar na mai lasifika ko mai gyaran wuta, a bayyana shi a matsayin haya, kowa ya sani.

Kwana biyu ko uku kafin biki a yi gwaji a filin da kansa. A tsayar da kowa inda zai tsaya, a kunna janareto, a gwada lasifika, a bi hanyar da mota za ta bi idan za a fita da marar lafiya. Awa biyu na wannan gwaji sukan tono matsalolin da zaman kwamiti goma bai gano ba. Yara 'yan makaranta kuma a bar su ga fareti da wasan kwaikwayo da kacici-kacici a ƙarƙashin malamansu. Kada a sa su tsare ƙofa, kada a jera su a rana tun safe suna jiran babban baƙon da zai iso bayan Azahar.

Zaɓen rana

Ku ba kanku aƙalla wata shida, shekara guda ta fi. Damina ba lokacin gayyar biki ba ce, kowa na gona, hadari kuma ba ya neman izini. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a yawancin ƙasar Hausa, kuma lokacin sanƙarau ne, cutar da cunkoso ke taimaka wa yaɗuwa. Bayan kaka ya fi dacewa: rumbu ya cika, hannu da ɗan abin taɓawa, iska ta yi sanyi. Sai dai a lura, da an gama girbi samari da yawa sukan tafi ci-rani, kuma su ne ƙarfin aikin.

Shi ya sa wasu ke haɗa bikin da hutun Sallah, lokacin da 'yan gari ke dawowa gida da kansu ba tare da an biya musu mota ba. Dabara ce mai kyau, amma a tuna watannin Musulunci suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a duba a wane yanayi Sallar za ta faɗo, kuma kada bikin ya ci karo da hawan masarauta wanda hakimi da dawakinsa dole su halarta. A kauce wa ranar kasuwar gari da ta babbar kasuwar maƙwabta, da makonnin jarrabawar WAEC da NECO. Shekarar zaɓe kuma a yi hattara sosai. In da hali a matsar da bikin gaba ko baya.

Kuɗi

A fara da tambayar nawa gari zai iya tarawa da kansa, sannan a yanka biki daidai wannan. Abin da ya zo daga gwamnati ko wani attajiri ya zama ƙari. Kwamitin da ya gina kasafinsa kan alƙawarin da aka yi a lasifika wajen ƙaddamar da gidauniya yakan wayi gari da bashin masu kujeru da masu rumfa, domin alƙawarin taro ba duka ake cikawa ba. Abin da ya shiga asusu shi kaɗai ne kuɗi.

Kada kuɗin gari ya zauna a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa: in ya rasu kuɗin sun shiga cikin gado, in an yi asara kuma ba shi da bakin kare kansa. Idan ƙungiyar ci gaban garinku tana da rajista da hukumar CAC, a buɗe asusu da sunanta, mutum uku su zama masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Kowace gudummawa a ba da rasit, har ta wadda ta kawo kwano biyu na gero ko wanda ya ba da aron tabarmi, domin su ma sun bayar, kuma sau da yawa nasu ya fi ciwo a jiki. Duk wata a liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar fada, a tura hotonsa ga 'yan gari na nesa. Mutumin da ke Kumasi ko Fatakwal ko Jidda, idan ya ga inda dubu gomansa ta shiga, zai sake turowa ba a roƙe shi ba.

Hanyoyin tarawa sanannu ne: karo-karo na unguwanni, sayar da anko da kalanda, tallace-tallacen 'yan kasuwa a mujallar biki, kuɗin rumfar masu sayar da abinci. Anko dai a bar shi ganin dama, kada ya zama sharaɗin shiga fili, don kada talaka ya ji an kore shi daga bikin garinsu.

Gudummawar 'yan siyasa ita ce mai wuyar sha'ani. Ɗan gari ne, yana da haƙƙin bayarwa, ba kuma za a mayar masa ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan mutum ɗaya ya ɗauki nauyin rabin biki, hotonsa ne zai rufe allon tarihi, mawaƙansa ne za su riƙe lasifika, 'yan ɗaya jam'iyyar kuma za su zauna a gida. Mafita ita ce a rubuta doka tun kafin kuɗin kowa ya shigo: ba tutar jam'iyya, ba fosta, ba waƙar yaƙin zaɓe a fili, kuma za a gayyaci kowane ɓangare a zaunar da su a rumfa ɗaya. Dokar da aka kafa kafin a san wa za ta shafa ta fi sauƙin tsarewa.

A ware kashi ɗaya cikin goma na kasafi don abin da ba a zata ba. Zai zo.

Ranar taro: rai ya fi komai

A cikin mako guda na watan Disambar 2024, turmutsutsu ya kashe yara 35 a wajen wani bikin yara a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, da mutum 10 a Abuja. Duka wuraren uku alheri aka shirya, rabon abinci ko kyauta ne ya tara jama'a fiye da yadda ƙofa za ta ɗauka. Ina roƙonku ku ɗauki wannan da gaske: kada a yi shelar rabon shinkafa ko atamfa ko kuɗi a filin biki, kada kuma a bar wani ya watsa kuɗi sama cikin taro. Idan akwai abin da za a raba wa mabuƙata, a bi ta hannun masu unguwanni a kai gida-gida, a wata rana dabam.

Ku auna filinku. Mutum biyu a kowace murabba'in mita tsayuwa ce mai sauƙi. Idan aka kai biyar, mutum ba ya iya juyawa yadda yake so, kuma tuntuɓen ɗaya na iya kayar da ashirin. Filin ƙwallo cikakke bai wuce murabba'in mita 7,000 da 'yan kai ba, kuma rumfuna da hanyar dawaki za su cinye kaso mai yawa. Ƙofofi su zama aƙalla biyu, a buɗe suke tun kafin jama'a su taru har a watse, ba a kulle ko ɗaya don babban baƙo ya iso. Mata da yara a ba su ɓangarensu mai inuwa da ƙofarsu. A keɓe wuri ɗaya da kowa ya sani inda za a kai yaron da ya ɓata, da mace mai haƙuri a zaune a wurin.

Idan za a yi hawa, a ja igiya mai ƙarfi tsakanin hanyar sukuwa da 'yan kallo, 'yan bindiga kuma a ba su gefe nesa da yara da rumfunan zana. Wasan babur cikin taro a hana shi gaba ɗaya. Wayoyin janareto a binne su ko a ɗaga su sama.

Ruwa a lissafa shi kamar kuɗi. Ledar fiya wata tana ɗauke da guda 20. Idan kuna sa ran mutum 2,000 kuma kowa zai sha huɗu, leda 400 ke nan, ban da ruwan alwala da na dawaki. A haƙa ko a gyara makewayi na maza da na mata. Dafaffen abinci kuma, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce awa biyu a ajiye ba bisa wuta ba, don haka a dafa kashi-kashi maimakon a gama komai da Asuba a rufe a roba har La'asar. Ma'aikacin lafiya ya zauna a rumfarsa da kayan taimakon farko da gishirin zawo, mota ɗaya da mai a cikinta da direbanta a kusa, an juya kanta waje.

Inda ake fama da matsalar tsaro, shawarar jami'an tsaro da ta 'yan sintirin gari ita ce gaba da sha'awar kwamiti. A tashi da wuri yadda mutanen ƙauyuka za su isa gida kafin Magariba. In sun ce a rage taro ko a ɗage, a yi hakan ba gardama. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Kabawa a 1934, ya tsaya cak bayan 2009 bai dawo ba sai 2020, kuma a cikin wannan hutun ne ma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016. Jira bai rage masa daraja ba.

Jawabai kuma a taƙaita. Mutane sun zo ganin garinsu ne: dattijon da zai ba da labarin shekarar da aka haƙa rijiyar kasuwa, maƙera da majema da masaƙa da kayan aikinsu, kokawa da dambe da langa, tsofaffin hotuna, 'yan makarantar allo da na boko. A tsara shirin yadda lokutan sallah za su faɗo a kan hutu, a kuma ba sanƙira takarda da ikon katse duk wanda ya zarce minti biyar.

Washegari

Aikin da ba mai so shi ne na bayan biki, don haka a naɗa masu yin sa tun farko, kuma su zama waɗanda ba su gaji a ranar ba: shara, kwashe ledoji kafin awaki su ci, mayar da kujeru da tukwane da tabarmin aro ga masu su a ƙirge, biyan abin da ya fashe.

Ya kamata biki ya bar wani abu da za a nuna, ko da ƙarami ne: aji ɗaya da aka yi wa rufi, famfon da aka gyara, ko littafin tarihin da aka ajiye kwafinsa a kowace makaranta. Idan itatuwa za ku dasa, kada ku dasa su a hunturu don a ɗauki hoto. Ku jira Yuli ko Agusta ƙasa ta jiƙu, ku kewaye kowace da ƙaya ko kwando, ku ba wani gida amanarta. Mafi arha kuma mafi gaggawa shi ne ɗaukar muryoyin tsofaffi da waya, a rubuta sunan mai magana da ranar, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wannan kada ya jira ranar biki, a fara shi a makon da aka kafa kwamiti.

Cikin wata guda da gamawa a kira taron gari a ƙofar fada. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da sauran da ya rage da inda za a kai shi, a bar mutane su yi tambaya. A wannan zaman ne kuma za a kira sunan kowane mai aiki, daga shugaban kwamiti har yarinyar da ta yini tana wanke kwanuka, a miƙa masa takardar yabonsa a gaban iyayensa da mai gari. Idan kuna cikin masu shirin irin wannan biki, ku sa ranar wannan taro a kalanda tun a zamanku na farko, ku kuma sanar da ita ga jama'a tare da ranar bikin.